Yadda Ake Jagorantar Rabon Tallafin Sauyin Yanayi a Gidauniya, Mataki-Mataki

Masu aiko mini da tambaya kan wannan aiki kashi biyu ne. Akwai masu neman a ba ƙungiyarsu kuɗi, waɗannan su yi haƙuri, ba yau ce ranarsu ba. Akwai kuma waɗanda aka damƙa wa sashen tallafin sauyin yanayi a wata gidauniya, ko suke harin kujerar, suna tambaya da me za su fara ranar da suka kama aiki. Su nake yi wa wannan bayani. Misalaina daga arewacin Najeriya da kudancin Nijar zan ɗauko su, domin nan na sani, amma jerin matakan bai sauya ba ko ofishin gidauniyar a Abuja yake ko a Landan.

1. Karanta takardun gidan tukuna

Makonni biyu na farko kada ka yi wa kowa alkawari, ko da na baki ne a wajen ɗaurin aure. Nemi abu huɗu: takardar kafa gidauniyar, bayanan zaman kwamitin amintattu na shekara biyu da suka wuce, jerin duk tallafin da ke gudana da ranar ƙarewar kowanne, da kasafin bana. Jerin nan na uku ya fi sauran muhimmanci. Sau da yawa za a ce maka kasafin sashenka kaza ne, kana dubawa sai ka tarar wanda ka gada ya riga ya ɗaure fiye da rabi a alkawuran shekara biyu ko uku. Abin da ya rage shi ne kuɗinka na gaskiya.

Sannan ka gano dokar ƙasar da aka yi wa gidauniyar rajista. Gidauniya mai zaman kanta a Amurka, alal misali, doka ta wajabta mata fitar da kusan kashi 5 cikin 100 na dukiyarta kowace shekara, kuma an hana ta ware kuɗi don kamfe na zaɓe ko kamun ƙafa a majalisa kan wani ƙuduri takamaimai. Idan kuɗin daga can yake fitowa, waɗannan sharuɗɗa za su biyo shi har Dutse.

Gargaɗi: ka san wane ne mai magana ta ƙarshe. A wasu gidauniyoyin kwamitin amintattu ne da gaske. A wasu kuwa, musamman na iyali, Alhaji ne ko Hajiya, kwamitin sa hannu kawai yake yi. Wannan ba a rubuce yake ba, akanta da ya daɗe a gidan ne zai gaya maka.

2. Yanke abin da ba za ka ba kuɗi ba

Nan ne aikin yake, kuma nan ne sababbi suka fi faɗuwa. Sauyin yanayi ya shafi komai: noma, kiwo, ruwa, wutar lantarki, itacen girki, ambaliya, ƙaura, har rikicin manomi da makiyayi. Duk wanda ya shigo ofishinka zai iya nuna maka cewa aikinsa na yanayi ne, kuma ba ƙarya yake yi ba. In ba ka shata iyaka ba, ƙarshen shekara za ka ga ka yayyafa kuɗi a wuri talatin, babu inda ya jiƙe.

Fara da babbar mararraba. Tallafin yanayi gida biyu ne: rage hayaƙin da ke ɗumama duniya, da taimaka wa jama'a su jure wa sauyin da ya riga ya iso. Manyan gidauniyoyin Turai da Amurka sun fi karkata ga na farko, kuma ko a can kuɗin bai taka kara ya karya ba. Rahotannin gidauniyar ClimateWorks ta Amurka sun sha nuna cewa abin da ke zuwa rage hayaƙi bai kai kashi 2 cikin 100 na kyautar masu hannu da shuni a duniya ba. A yankinmu kuwa manomin gero a Gumel ba shi ne ke cika sama da hayaƙi ba, shi ne damina ke yi wa gardama. Ambaliyar 2022 ta kashe mutum fiye da 600 a Najeriya, kuma a Satumban 2024 madatsar Alau ta ɓalle ruwa ya shanye babban ɓangare na Maiduguri. A ra'ayina, ƙaramar gidauniya mai aiki a nan ta sa nauyinta a ɓangaren juriya, sai dai in akwai inda aiki ɗaya ya jefi tsuntsu biyu, kamar famfon ban ruwa mai aiki da hasken rana a madadin injin fetur.

Daga nan ka auna kanka da manya. Shirin ACReSAL na Bankin Duniya, mai farfaɗo da ƙasar da ta lalace, dala miliyan 700 ne, a jihohin arewa 19 da Abuja. Akwai hukumar Babbar Ganuwar Itatuwa da ke aiki a jihohi 11 na bakin hamada. Idan abin da ke hannunka dala miliyan ɗaya ko biyu ne, kada ka shiga gasar haƙa da gini da su. Ka nemi abin da kuɗinsu ba ya iya yi saboda nauyin jikinsa: albashin ƙwararrun ƙaramar ƙungiya, gwajin wata dabara da ba a tabbatar ba, sasanta manoma da makiyaya kan burtali kafin a killace fili, shirin rediyo da ke fassara hasashen damina, bin diddigin ko kuɗin gwamnati ya isa inda aka ce.

Rubuta sakamakon a shafi biyu, kada ya wuce: yanki kaza, matsala kaza, irin ƙungiyoyi kaza, shekara biyar. A ƙasa ka jera abin da ba ku tallafawa, da sunansa. Wannan jerin ne garkuwarka ranar da wani babba zai kira ka a waya.

Gargaɗi: kada ka rubuta shi kai kaɗai a ɗaki mai sanyi. Ka zauna da mutanen Cibiyar Nazarin Noma a Ƙasashe Masu Ƙarancin Ruwa ta Jami'ar Bayero, da na Cibiyar Binciken Aikin Gona (IAR) da ke Samaru, Zariya, da malaman gona na ƙananan hukumomi, da shugabannin ƙungiyoyin mata masu sana'ar itace da gawayi. Wata uku ya isa. Na ga gidauniyar da ta shekara ɗaya da rabi tana tsara dabara, ƙungiyoyin da take tallafawa suna sallamar ma'aikata suna jira.

3. Raba kasafin

Ga yadda nake rabawa, ba wahayi ba ne, kana iya gyarawa. A kowace naira 100, kusan 60 ga ƙungiyoyi kaɗan da za a riƙe shekara uku zuwa biyar. 20 ga ƙananan tallafi na gwaji. 10 ajiyar gaggawa. 10 kuma hidimar sashenka, wato tafiye-tafiye, masu tantancewa, masu binciken kuɗi da fassara.

Ajiyar gaggawa ita ce aka fi raina wa, ita ce kuma za ka fi gode wa. Ambaliya ba ta jiran zaman kwamiti. Ka nemi izini tun farkon shekara cewa za ka iya sakin wani adadi da sa hannun mutum biyu cikin mako guda.

Sai kuɗin gudanarwa na ƙungiyoyin da za ka ba, wato hayar ofis, albashin akanta, mai, gyaran mota, kuɗin odita. An daɗe ana ƙayyade shi a kashi 10 ko ƙasa, kuma wannan zalunci ne mai sanye da rigar tsentseni. Gidauniyar Ford ta ɗaga nata zuwa kashi 20 a 2016, MacArthur kuma ta kai kashi 29 daga 2020 bayan ta sa an duba ainihin abin da ƙungiyoyi ke kashewa. Ka kai wa kwamitinka waɗannan alƙaluma. Ƙungiyar da ka hana kuɗin akanta, ita ce za ta kawo maka rahoton kuɗi a hargitse, ka dawo kana zarginta.

Gargaɗi kan canji: kafin Yunin 2023 dala tana wajen naira 460 a farashin hukuma, farkon 2024 ta haura 1,400. Duk wanda ya sa hannu kan tallafin shekara uku a naira kafin wannan lokaci, ya ga yadda kuɗin rijiya goma ya koma na uku. Idan asusun gidauniya na dala ne, ka rubuta yarjejeniya a dala, a canza kowane kaso ranar biya. Idan na naira ne, ka sa sharaɗin sake duba kasafi duk shekara. A Nijar wannan ciwon kai ya yi sauƙi, tun da sefa a ɗaure take da yuro.

4. Nemo masu karɓa

Hanya biyu ce: buɗaɗɗiyar sanarwa, ko gayyata. Sanarwa tana kawo sababbin fuskoki, amma ka shirya karɓar ɗaruruwan takardu. Gayyata tana da sauri, sai dai tana mayar da kai ga mutanen da ka riga ka sani, waɗanda galibi a Abuja suke. Ni ina haɗawa: manyan tallafi ta gayyata, ƙanana ta sanarwa.

Ko wacce ka bi, ka yi ta hawa biyu. Hawan farko shafi biyu kawai: su wane ne ku, me kuka taɓa yi, me kuke so ku yi, a ina, nawa. Wanda ya tsallake ne za a nemi cikakkiyar takarda da kasafi daga gare shi. Rashin tausayi ne ka sa ƙungiya ɗari uku su kwana suna rubuta shafi arba'in alhali goma za ka ɗauka.

Ka yarda a rubuto da Hausa, da Faransanci ga na Nijar, har ma da saƙon murya ga ƙananan tallafi. Ka sanar a rediyo, kada ka tsaya a intanet. Ka faɗa ƙarara cewa ba a biyan ko sisi don nema, domin 'yan damfara na buga fom da sunan gidauniyoyi suna sayarwa.

Gargaɗi: kyan Turanci ba shaida ba ne. Akwai masu sana'ar rubuta takardar neman tallafi, yanzu ga manhajojin da ke rubutawa cikin minti biyu. Wata shekara na karanta takardu uku daga jihohi uku, sakin layinsu na farko iri ɗaya har waƙafi. Mafi kyawun aikin da na gani a wannan zagayen kuwa, takardarsa cike take da kurakurai.

5. Tantancewa

Kafa kwamitin mutum biyar zuwa bakwai, a ciki a sami masanin fannin, mai ido kan kuɗi, da aƙalla mutum biyu da suka fito daga yankin da za a yi aikin, mace a cikinsu. Kowa ya rubuta ƙungiyoyin da yake da alaƙa da su kafin ya ga takarda ko ɗaya, kuma ya fita daga ɗakin in an zo kansu. A wurinmu da kowa ɗan'uwan kowa ne, wannan ba zargi ba ne, kariya ce. A biya su ladan zama.

Ma'aunin ba ya buƙatar yawa. Shin matsalar ta yanayi ce da gaske? Mutanen wurin sun nema, ko kawo musu aka yi? Ƙungiyar ta taɓa yin makamancinsa? Wa zai riƙe abin bayan kuɗi ya ƙare?

Bari in daɗe kan dashen itatuwa, domin rabin takardun da za su zo maka a kansa suke. Kowa na son sa saboda yana da hoto kuma yana ƙirguwa. Amma dashe ba shi ne itace ba. Ka tambaya: wane iri? Filin na wane ne? Wa zai yi ban ruwa daga Nuwamba zuwa Mayu, daga wace rijiya, wa zai biya shi? Me zai hana awaki? Takardar da ta ware kuɗin bikin ƙaddamarwa da rumfa da riguna, ba ta ware na shinge da mai gadi ba, ajiye ta gefe.

Sannan ka kwatanta da abin da aka yi a Maraɗi da Damagaram. Tun daga 1983, lokacin da Tony Rinaudo, wani masanin noma ɗan Ostareliya, ya fara aiki da manoman Maraɗi a kan abin da suke kira sassaben zamani, manoma suka riƙa barin tohon kututturen da ke gonakinsu, suna rage rassa su bar ƙwarara biyu ko uku su tashi. Gawo, kalgo, sabara, aduwa. An ƙiyasta hekta miliyan 5 da itatuwa kusan miliyan 200 sun farfaɗo ta wannan hanya, ba gandun reno, ba tankar ruwa. Abin da ya sa ta kama shi ne saiwar ta riga ta yi zurfi, kuma manomi ya tabbata itacen nasa ne, jami'in daji ba zai ci shi tara ba in ya sare reshe. Gawo ma ga shi da halin kirki, yana zubar da ganye da damina, bai hana gero rana. Duk mai neman kuɗin dashe ka tambaye shi me ya sa ba wannan hanya zai bi ba. Wani lokaci yana da amsa mai kyau, kamar inda ƙasa ta mutu babu kututture. Sau da yawa bai taɓa jin labarin ba.

Irin wannan tambaya ta shafi sauran. Rijiyar burtsatse mai sola: wa zai gyara famfo, a ina ake sayar da kayan gyara, an duba zurfin ruwan ƙasa? Murhu mai tsimin itace: an ba matan sun yi tuwon gidan mutum goma sha biyar a kai? Na ga murhun da aka raba ya koma wurin ajiye kwanuka saboda tukunyar gidan ba ta zama a kansa.

Gargaɗi: ka yi taka-tsantsan da masu alkawarin cewa aikin zai ci da kansa ta hanyar sayar da shaidar rage hayaƙi a kasuwar duniya. Rajista da tantancewar wannan kasuwa na cin kuɗi da shekaru, kuma wasu yarjejeniyoyin na ɗaure gonakin mutane shekara talatin. Kada a sa hannu sai lauya ya karanta, an kuma fassara wa masu gonakin.

6. Binciken ƙwaƙwaf da ziyara

Ga ƙungiya a Najeriya, ka nemi: shaidar rajista da CAC, hukumar rajistar kamfanoni da ƙungiyoyi, da tabbacin tana miƙa bayanan shekara-shekara, takardar SCUML, sashen yaƙi da halatta kuɗin haram da ke ƙarƙashin EFCC, lambar haraji, rahoton odita na shekara biyu, asusun banki da sunan ƙungiya mai sa hannun mutum biyu, da sunayen amintattu. Ka duba rajistar da kanka a shafin CAC. Idan gidauniyarka ta Amurka ce, lauyoyinta za su zaɓi ɗaya cikin biyu: ko a tabbatar ƙungiyar daidai take da ƙungiyar agaji ta can, ko a bi tsarin sa ido kan kowace dala da rahoto na musamman. Na farko yana iya cin makonni, ka sa shi a lissafin lokaci.

Ƙungiyar manoma ko ta mata da ba ta da waɗannan takardu ba lallai a yar da ita ba. Ana iya bi ta hannun wata babbar ƙungiya mai rajista ta riƙe mata kuɗi, a biya ta wani kaso, a kuma rubuta ƙarara cewa masu aikin ne ke da ta cewa.

Sai ziyara, gani ya kori ji. Kada ka tsaya a ofis. Ka ce a kai ka aikin da suka gama shekara uku da suka wuce, ba wanda ake yi yanzu ba. Ka gaida mai gari ko hakimi da farko kamar yadda aka saba, sannan ka zame ka yi hira da mutane ba tare da shugaban ƙungiyar na tsaye a kanka ba. Ka tafi da abokiyar aiki mace, domin akwai zauren da kai ba za ka wuce ba, kuma a can cikin gida ne ake sanin ko aikin ya yi amfani. In da hali ka je da rani, lokacin da ƙarya ba ta da ganyen ɓuya.

Gargaɗi kan fili: a ƙarƙashin dokar mallakar ƙasa ta 1978 ƙasa na hannun gwamna, ta karkara kuma ƙaramar hukuma ke ba da izinin amfani da ita, amma a aikace gado da al'ada ke aiki. Filin da aka ce maka ba na kowa ba ne, wataƙila makiyaya ce ko mashaya. Ka tambayi arɗo kafin a kafa shinge. Tallafin da ya toshe burtali ya sayi rigima da kuɗinsa.

Gargaɗi kan tsaro: inda hanya ba ta biyuwa, kada ka matsa wa ma'aikatan ƙungiya su je ɗauko maka hoto. Ka sa kuɗin tsaro da inshora a kasafinsu.

7. Gaban kwamitin amintattu

Shafi ɗaya ga kowane tallafi: me za a yi, nawa, me ya sa su, me zai iya lalacewa. Kada ka ɓoye na ƙarshen. Amintattun da aka gaya wa haɗari tun farko ba sa firgita in ya auku. Ka gana da shugaban kwamiti kafin zama, kada ya fara jin wani abu a bainar jama'a. Waɗanda ba a ɗauka ba kuma a sanar da su cikin mako biyu, da dalili ko da layi biyu ne.

8. Yarjejeniya da sakin kuɗi: lissafa daga damina ka dawo baya

In da za ka manta duk abin da na faɗa ka riƙe ɗaya, to wannan ne. Gidauniya na tafiya da kalandar akanta, aikin yanayi kuwa da kalandar ruwan sama yake tafiya, kuma ruwa ba ya ɗaga wa kowa ƙafa.

A ƙasar Kano da Katsina da Jigawa damina kan zauna ne a wajen Yuni, can arewa wajen Damagaram takan ɗan ƙara jinkiri. Ana dashe a Yuli zuwa farkon Agusta don saiwa ta kama kafin ruwa ya ɗauke. Dashen na buƙatar wata uku zuwa huɗu a gandun reno, ke nan a fara a Maris. Ramukan tassa da rabin wata masu tare ruwan sama a gona, irin waɗanda manoman jihar Tawa suka shahara da su wajen farfaɗo da fako, da rani ake haƙa su, kafin ruwan farko. Irin shuka mai saurin nuna dole ya isa hannun manomi a Mayu. Yashe magudanai da gyaran jinga kafin Yuli ne. Noman rani kuwa shirinsa daga Oktoba.

To ka lissafa. In ana son kuɗi ya shiga asusun ƙungiya a Fabrairu, sai an sa hannu a Janairu, kwamiti ya amince a Nuwamba ko Disamba, ziyara da bincike a Oktoba, tantancewa a Agusta da Satumba, sanarwa a Yuni. Wato tun a daminar bana ake shirya wa ta baɗi. Na taɓa sakin kuɗin wani aikin dashe a ƙarshen Yuli saboda takarda ta kwana a teburin wani. Ƙungiyar, don kada a ce ba ta yi aiki ba, ta sayi dashe a kasuwa ta dasa a Satumba. Da muka koma a Afrilu sandunan alama kawai muka tarar. Laifin ba nasu ba ne, namu ne, amma sunansu ne ya ɓaci a garin.

Idan ka ga ba za ka cim ma lokaci ba, ka ɗage aikin shekara guda, ka ba su ɗan abin riƙe ma'aikata. Ya fi ihu bayan hari.

A cikin yarjejeniyar ka tabbatar da waɗannan: kaso na farko ya yi kauri, domin a farko ake kashe mafi yawa, ƙungiya na iya matsar da kashi 10 zuwa 15 tsakanin layukan kasafi ba sai ta nemi izini ba, akwai sharaɗin sauya aiki in fari ko ambaliya ta auku, an faɗi wanda zai mallaki kayan aiki bayan an gama. Hukumar NiMet kan fitar da hasashen damina a farkon shekara, cibiyar AGRHYMET da ke Yamai ita ma tana fitar da na yankin Sahel kafin damina. Ka ware zama ɗaya da masu karɓar tallafinka bayan fitowarsu, a duba ko akwai abin gyarawa.

Gargaɗi: in kana tura kuɗi ƙetaren iyaka, ka tanadi hanya ta biyu ta halal. Takunkumin da ECOWAS ta sa wa Nijar daga ƙarshen Yulin 2023 zuwa Fabrairun 2024 ya tsayar da hada-hadar banki a tsakiyar damina. Kuma kada ka taɓa tura kuɗin tallafi asusun mutum, kome amincinsa.

9. Bibiya da awo

Rahoto biyu a shekara ya isa, ɗaya ma yana iya zama hira ta waya da ka rubuta da kanka. Ƙungiyar da ke rubuta rahoto duk wata ba ta da lokacin zuwa gona.

Ka auna abin da ya rage, ba abin da aka raba ba. Itatuwa nawa ke raye bayan rani biyu. Rijiyoyi nawa ke ba da ruwa bayan shekara biyu. Damin gero nawa aka samu a gonar da aka yi wa tassa, in an kwatanta da ta maƙwabci a damina ɗaya. Wannan kwatancen na da muhimmanci, domin shekarar da ruwa ya yi kyau kowane aiki nasara ne, shekarar fari kuma kowanne ya faɗi. Kayan aikin ba su da tsada: waya mai ɗaukar hoto da alamar wuri, manhajar KoboToolbox don tattara bayanai ko babu intanet, da tsofaffin hotunan Google Earth don ganin fili kafin da bayan aiki. Ka ɗauki awon farko kafin a fara, in ba haka ba babu abin kwatantawa.

Gargaɗi: adadin waɗanda suka amfana shi ne lambar da aka fi kumburawa. Wanda ya saurari shirin rediyo da wanda aka haƙa wa rijiya ba ɗaya ba ne, kada a tara su a layi guda. Kuma kada ka bari sashen yaɗa labarai na gidauniya ya buga tan kaza na hayaƙi da aka rage in ba ka ga yadda aka yi lissafin ba.

10. In abu ya lalace, da ranar rabuwa

Ka bambanta abu uku. Aikin da yanayi ko tsaro ya kayar, a zauna a sake tsari. Ƙungiyar da ta gaza don rauni, a taimaka mata da akanta ko horo. Sata kuwa, a dakatar da kaso na gaba nan take, a turo odita mai zaman kansa, a ba su damar bayani a rubuce, sannan a kai wa kwamiti. Kada ka yi zargi a waya ko a taro kafin rahoton odita ya fito. Ka buɗe lambar da mutanen gari za su iya kai ƙara kai tsaye, wadda ba ta bi ta hannun ƙungiyar ba.

Maganar sabuntawa a fara ta wata tara kafin tallafi ya ƙare. In ba za ku ci gaba ba, ku faɗa da wuri, ku ba da kason sallama na wata shida zuwa shekara, ku haɗa su da wasu masu bayarwa, kamar shirin ƙananan tallafi na Asusun Muhalli na Duniya (GEF) da hukumar raya ƙasashe ta Majalisar Ɗinkin Duniya (UNDP) ke gudanarwa ko African Climate Foundation da aka kafa a 2020. Ranar ƙarewar kuma kada ta faɗo tsakiyar rani, lokacin da dashe ke buƙatar ban ruwa. A kai ta ƙarshen Oktoba, bayan an yi girbi an ƙirga abin da ya rayu.